Kada ki ce a ƙara miki ruwa ranar Talata

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Auta.

Uwarki ce ke gaishe ki, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ko da yake tsakanin ɗakina da naki taku shida ne. Allah ya tsare ki a hanyar da za ki bi, ya sauke ki Kano lafiya ke da mijinki Malam Nuhu, ya sa ruwan garin da abincinsa su karɓe ki. Kin san ni ban yi karatu ba, iyakata abin da zan yi salla da shi. Malama Binta, maƙwabciyarmu ta hawan sama, ce take rubutawa, ni ina faɗa, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana. Da Hausa na sa ta rubuta, tunda nan da kwana tara ita za ki riƙa ji safe da yamma. Ki karanta a hankali, ke kaɗai. Kada ki miƙa wa mijinki wai don ya fi ki sauri.

Sau biyu na zaunar da ke don mu yi maganar nan, sau biyu kina ce mini "halas ya ummi, na sani", idonki a kan waya. Ni ma kuma, gaskiya, bakina nauyi yake yi. To ga takarda, ita ba a katse ta.

Ranar Talata kina da mau'idi, wato ranar ganin duktur, na ƙarshe kafin tafiya. Na ji kina gaya wa ƙawarki a waya cewa za ki sa ya ƙara miki ruwa da ɗan yawa a hizam, zoben nan da aka ɗaura miki a tumbi don rage ƙiba, wai tunda ba ki san ranar da za ki sake samun mai ƙara miki ba, kuma ba kya so dangin miji su fara ganinki da wannan jikin. Abin da ya sa na kira Binta ke nan. Kada ki ce a ƙara. Zan gaya miki dalili, amma sai kin bi ni tun daga farko, don ni ban iya magana daga tsakiya ba.

Lokacin da aka ɗaura mini nawa hizam ɗin muna unguwar Jarwal a nan Makka, kina shekarar farko a kulliya, hankalinki yana kan littattafai. Shekara ashirin da wani abu ina tuƙa wa alhazai tuwo ni da Hajiya Tabawa, kin san ta, Allah ya ƙara mata lafiya. Mai dafa abinci kuwa ɗanɗanawa take yi, wannan tukunya cokali, waccan loma, ƙanzo kuma nawa ne. Har na kai matakalar gidanmu sai na huta sau uku. Ɗawafi sai a keke, ni da aka haifa ina jin kiran sallar Harami daga kan shimfiɗata. Ga sukari, ga gwiwa. Babanku, Allah ya jiƙansa, shi ya kai ni Jidda aka yi aikin.

Duktur ɗin wani dattijo ne mai furfura, ba ya gaggawa. Ya ɗauko irin abin ya sa mini a tafin hannu. Wani zobe ne fari na roba, kamar ƙaramin awarwaro, cikinsa akwai 'yar jaka mai kumbura. Ya ce wannan za a ɗaura a wuyan tumbi, can sama, sai ya zama akwai ɗan ƙaramin wuri da abinci yake fara sauka, ya riƙa wucewa ƙasa a hankali. Daga zoben akwai siririn tiyo, a ƙarshensa wani abu kamar murfin kwalba, shi ake binnewa a ƙarƙashin fata. Naki yana hagu, ƙasan haƙarƙari, kin san wurin. Ta nan ake sa allura a zuba ruwa, jakar ta kumbura, zoben ya matse. In an zuƙe ruwan ya saki. Shi ke nan aikin, ba wani sihiri.

Kuskurena na farko, na ɗauka ranar aikin aka gama komai. Ban ji lokacin da ya ce zoben a sake ake barinsa, ba ruwa a ciki, sai ciki ya warke, wajen wata ɗaya da rabi. Ko na ji ban riƙe ba. Sati uku da aikin yunwa ta dawo mini kamar da. Na ce wa babanku an cuce mu, mutumin nan yanka ni kawai ya yi ya ɗinke. Na kwana biyu ba na yi masa magana, shi da ba shi ya riƙe wuƙa ba.

Ranar ƙarin farko na tafi da 'yar jarkata ta zamzam a jaka. Na ajiye a kan teburin duktur na ce, in dai ruwa za a zuba a cikina ya zauna shekara da shekaru, to wannan za a zuba. Ya kalle ni, ya kalli jarkar, ya ce, "Ya hajja, wannan ki sha ta baki, ya fi albarka. Nawa ruwan gishiri ne na asibiti, wanda ba hannun da ya taɓa shi." Babanku ya yi ta dariya har muka shigo Makka. Ya ce, "Ke da a bar ki, har dabino za ki ce a tura ta tiyon." Na ce da ya shiga ai da na ce.

Ya kwantar da ni, ya ce in ɗaga kai kamar zan kalli yatsun ƙafata, don cikin ya yi tauri murfin ya taso. Ya lalubo shi da yatsa, ya goge wurin, ya soka. Bai kai zafin allurar sukari ba. Ya fara zuƙo abin da ke ciki ya duba, sannan ya mayar ya ƙara kaɗan. Kaɗan fa, Auta, bai cika cokalin shayi ba. Na ce, "Duk tahowar nan daga Makka don wannan ɗigon?" Ya ce, "Za ki dawo bayan wata. Haka za mu yi ta yi, kaɗan kaɗan, har mu sami inda ya dace da ke. Naki daban, na maƙwabciyarki daban." Sai ya ba ni kofin ruwa ya ce in shanye a gabansa, ya ga yana wucewa, sannan ya rubuta abin da ya zuba a wani kati ya ba ni.

To ki riƙe wannan. Abin nan ba ƙofa ba ce da ake rufewa a tafi. Kitsen da ke jikin tumbi yana narkewa, zoben yana saki, sai a ƙara. In ya matse a rage. Mai hizam da duktur ba sa rabuwa. Shi ya sa mai tafiya nesa ba matsewa ake yi mata ba.

Kuskurena na biyu tuwo ne. Duktur ya ce bayan kowane ƙari kwana biyu abu mai ruwa kawai, shorba, kunu, madara, sannan kwana biyu abu mai laushi, sannan a koma abinci. Dalili wurin yana ɗan kumbura bayan an matse shi. Ni kuwa a lissafina tuwo ai abu ne mai laushi. Washegarin ƙari na biyu, da azahar, muka sauke tukunyar tuwon shinkafa ni da Tabawa, ga miyar kuka ta sha man shanu. Na gutsuro loma irin wadda na saba, na dangwala, na haɗiye.

A nan matsalar take, kuma duktur bai san ta ba balle ya gargaɗe ni. Shi ya ce in tauna abinci sosai. Na ce to. A raina nama yake nufi, da gurasa. Mu ai ba ma tauna tuwo. Tun ina ƙarama in na tauna tuwo uwata, wadda kika ci sunanta, sai ta buge mini baki ta ce wa ya koya mini cin ƙauyanci. Tuwo haɗiya ake yi, miya ta raka shi. Shekara hamsin ina haɗiya.

Lomar ta tsaya mini a nan, tsakiyar ƙirji, kamar an dasa taɓarya. Ba ta sauka ba, ba ta dawo ba. Yawu ya fara taruwa a bakina, mai yauƙi kamar kuɓewa. Tabawa ta ce, "Ke lafiya? Idonki ya fito kamar na ragon hadaya." Na nuna mata ƙirjina. Ta ce, "Sha lemo ya tura shi." Ta buɗe mini mai gas, na kurɓa. Wallahi Auta sai na ji kamar ana hura ni. Lemon ya zauna a kan tuwon, ba hanya, ya dawo ta baki ta hanci. Na fi rabin awa a durƙushe a bayan tukwane kafin lomar ta fito. Tabawa tana riƙe da mayafina tana cewa, "An kashe kuɗi an saya miki maƙogwaron tsuntsu." Kwana uku bayan nan ko ruwa da ƙyar yake wucewa, don wurin ya ƙara kumbura.

Gidan da za ki, tuwo ne kusan kullum. Malam Nuhu da bakinsa ya gaya mini mahaifiyarsa ba ta yarda rana ta faɗi ba a tuƙa ba. To ki ji. Lomarki kada ta wuce kan babban yatsa. Ki jiƙa ta da miya sosai, ki tauna ta har ta zama kunu, ko da yara suna kallonki suna dariya. Ki ajiye hannu tsakanin loma da loma. Kada ki sha ruwa kina ci, ki bari sai an jima. In abu ya tsaya, kada ki tura shi da komai, ki tashi ki yi 'yar tafiya, zai sauka ko ya fito. Tsire da kilishi da busasshen nama, da shinkafa mai tsabar da ba miya, ki yi musu a hankali fiye da tuwon ma. Da safe zoben ya fi matsewa, da yamma yana saki, saboda haka kada ki biye wa masu ɗumame da sassafe, ki sha koko mai ɗumi tukuna. Haka nan buɗa baki da azumi: ruwa mai ɗumi, shorba, ki yi magariba, sannan abinci. Na taɓa fara buɗa baki da sambusa, ban yi tarawihin ranar ba.

Kuma ki gaya wa surukarki tun ranar farko. Na san ki, na san kunyarki, irin tawa ce. Za ta zuba miki malmala biyu ta zauna tana kallonki, ke kuma za ki ji nauyin ki bar mata abinci, sai ki haɗiye don ki gama da wuri. A'a. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce, "Hajiya, an yi mini aiki a ciki saboda sukari, kaɗan nake ci kuma a hankali. In kin ga na rage, ba raina girkinki na yi ba." Ta haifi 'ya'ya, ta san ciwo. Minti ɗaya na jin kunya ne, ki yi shi ki huta.

Binta ta ce in dakata ta huta da hannunta. To ta huta. Abin da ke tafe shi ne mai nauyin.

Kuskurena na uku, ƙarya. Bayan ƙari na huɗu na sami wurin da duktur yake nema. Ɗan faranti nake ci in ƙoshi, in kai awa huɗu ban tuna da abinci ba, ba amai, ba ƙwannafi. Kaya suka fara yi mini yawa. Na yi ɗawafi da ƙafata, bakwai cif, na zauna a bayan Maƙamu ina kuka. Sukari ya sauka. Da na tsaya a nan da yanzu ba na wannan wasiƙar.

Sai bikin yayanki ya taso. Saura wata biyu. Na ba da ɗinki, na ce wa matar ta rage faɗin fiye da yadda ta auna ni. Ta ce, "Hajiya, ba zai shige ki ba." Na ce zai shiga. So nake matan Jarwal da suka shekara suna kirana Hajiya Tanki su ga abin da ido bai taɓa gani ba. Iyakar dalilin ke nan, ba wani ba.

Na je mau'idi. Duktur yana da tambayoyinsa da ba ya canjawa, irin waɗanda naki yake yi miki. Awa nawa kike yi kafin yunwa? Na ce ɗaya. Ƙarya. Nawa kike ci? Na nuna masa babban faranti da hannu. Ƙarya. Abinci yana tsayawa? A'a. Ya duba ma'auni ya ce, "Amma kina raguwa daidai, ya hajja. Ni ban ga dalilin ƙari ba." Na ce masa yunwa ce take hana ni ibada. Da na sako ibada sai ya ƙara rabin mili. Bayan sati uku na koma, na maimaita, ya ƙara wani rabin.

Kofin ruwan nan da yake bayarwa a sha a gabansa, ranar na ji shi ya tsaya tun kurɓa ta biyu. Na ci gaba da kurɓa ina murmushi. Ya ce, "Yana wucewa?" Na ce, "Zai-l-ful, lafiya lau." Na riƙe ruwan nan a ƙirjina muka sauko, muka fita, sai a gindin wata bishiya wajen ajiye motoci na zubar. Babanku ya ce, "Mu koma sama." Na ce zafin rana ne. Da mun koma, minti biyar ne, ya sa allura ya zuƙe rabin milin nan, shi ke nan.

Ki sani, Auta, shi duktur ba ya ganin cikinki. Wani lokaci suna ba ka wani farin abu ka sha a gaban na'urar hoto su ga yadda yake wucewa, amma ba kullum ba. Yawanci bakinki ne idonsa. In kika yi masa ƙarya, da hannunsa zai cuce ki bai sani ba, kuma alhakin ba nasa ba ne.

Rigar ta shiga. An yi biki, mata suka yi ta taɓa ni suna "masha Allah", wata ma ba ta gane ni ba sai da na yi magana. Aka kawo shinkafar kabsa da salik, na zauna a gaban tire ina juya cokali. Ƙwayar shinkafa goma ban ci ba a bikin ɗana. Sau uku na shiga bayi. Hoton nan da ke falo, wanda kike cewa na fi kyau a cikinsa, amai na gama yi na wanke fuska aka ɗauka.

Abin da ba wanda ya gaya miki game da matsewa shi ne ba ta ramar da mutum. Nama ba ya wucewa, ganye ba ya wucewa, kaza ba ta wucewa. Me ke wucewa? Shayi da madarar gwangwani. Sobiya. Kastad. Kunun gyaɗa da sukari. Askirim. Duk abin da ya sa aka yi mini aikin tun farko, shi ne kaɗai yake samun hanya. Wata biyar ina rayuwa a kan waɗannan. Nauyina ya tsaya, sannan ya fara hawa. Sukari ya dawo. Gashina yana zuba a mataji. In na kwanta ruwa mai tsami ya taso mini har hanci, ga tari, sai na jera filo uku. Haƙoran nan biyu da aka cire mini, kika ce tsufa ne, tsamin amai ne ya cinye su. Ni kuma da na ga ma'auni yana hawa, me na ce a raina? Na ce ruwan ne bai isa ba.

Kuskurena na huɗu, jinkiri. Mau'idina ya faɗo a farkon Zulhajji, alhazai sun cika gari. Kin san yadda musim, lokacin Hajji, yake, tukunya goma sha biyu a rana, masu zuwa da kwano tun hantsi. Babanku ya ce mu je Jidda. Na ce bayan Arfa. Bayan Arfa na ce bayan jifa. Bayan jifa na ce bari alhazai su ragu. A raina kuma tsoro nake ji, in na je zai gane ƙaryar da na yi, ya zuƙe ruwan, in koma Hajiya Tanki.

Wata ranar Laraba da hantsi ina tuƙi, muciya a hannuna, na ji wani ciwo ya soke ni a ƙarƙashin haƙarƙari har kafaɗa. Tun jiyanta ko yawuna ba ya wucewa, tofarwa nake yi a gwangwani na ɓoye a bayan buhu. Tabawa ce ta ga gwangwanin. Ranar ba ta yi mini tsiya ba. Ta karɓe muciyar ta ce, "Tun yaushe?" Na ce jiya. Ta ce, "Tun yaushe, na ce." Na ce tun bikin. Ta aika a kira babanku, ta ce mini, "In kika mutu a kan tukunyar nan, wallahi ba zan yi miki wanka ba." Sai na ga tana share ido da bakin zane.

A asibiti suka zuƙe ruwan duka, bai saki ba. Hoto ya nuna yawan aman da nake yi ya tura tumbin ya zamo ta cikin zoben, ya tattaru a sama, zoben ya shaƙe shi. Duktur ya ce da na ƙara kwana ɗaya da wani sashe na tumbin ya mutu, sai dai a yanke. Ranar suka shiga da ni suka cire hizam ɗin, da tiyon, da murfin. Da na farfaɗo ya zo ya tsaya a kaina. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ya hajja, da kin gaya mini." Na juya fuskata bango.

Wannan ita ce kwanciyar da aka ce muku maɗaciya aka cire mini. Maɗaciyata tana nan lafiya lau. Ni na roƙi babanku da Tabawa su faɗi haka, suka faɗa, shi har ya koma ga Allah bai tona ni ba. Da ƙibar ta fara dawowa na ce muku ruwan aka rage saboda shekaru. Ba hizam a cikina, Auta. Shekara goma sha ɗaya ke nan. In kin gama karantawa ki zo ki sa hannu a wurin, tabo kawai za ki ji.

Na biyar shi ne wanda ya fi duka, kuma ke na yi wa shi. Bara da kika ce za a yi miki aiki, duktur ɗinki ya lissafa miki hanyoyi, har da wanda ake yanke tumbin, wanda mutane suka fi yi yanzu. Kika ce a'a, irin na ummi kike so, tunda ummi ta shekara da nata ba matsala. A gabana kika faɗa. Ina zaune a kujerar nan ta gefen ƙofa, jakata a cinya, na buɗe baki na rufe. Ban ce zaɓinki kuskure ba ne. Abin yana aiki ga mai bi da shi da gaskiya, na ga ya yi mini aiki kafin in ɓata shi da kaina. Amma kin zaɓa a kan labarin da ba haka yake ba, kuma ni na bar ki. Ki yafe mini wannan. Ba sai kin zo kin ce kin yafe ba, na san za ki ji nauyi. Ki yi abin da zan gaya miki kawai.

Ranar Talata ki gaya masa 'yan kwanaki suka rage ki bar ƙasar, kuma ba ki da duktur a can tukuna. Ki bar shi ya yanke abin da ya dace, ko ya bar shi yadda yake ko ya rage. Ki ce ya rubuta miki takarda da Turanci, irin hizam ɗin, girmansa, da ruwan da ke ciki yanzu, ki haɗa da katinki ki sa a inda kike sa fasfo. Ki tambaye shi allurar da ake soka murfin da ita. Ba irin ta kowa ba ce, bakinta daban ne don kada ta yaga robar. In zai yiwu ki tafi da 'yan kaɗan. Kada ki yarda wani mai shagon magani ko wata ma'aikaciyar unguwa ta ce ai allura allura ce. In murfin ya huje ruwan zai tsiyaye, in datti ya shiga sai an sake yanka ki.

Kuna sauka, kafin ki gama zagayen gaishe-gaishe, ki sa Malam Nuhu ya nemo likitan da ya san wannan aikin, a Kano ko a wani garin, ku je ku gan shi kina lafiya. Ba ranar da yawu ya ƙi wucewa ake fara tambayar hanya ba. A jirgi ki sha abu mai ruwa kawai, wasu suna jin ya ɗan matse a sama, ni na ji lokacin da muka je Riyad. In Allah ya ba ki ciki, ki gaya wa likita da wuri cewa kina da hizam, sau da yawa ragewa suke yi saboda laulayi da abin da ke cikin. In zazzaɓi ya kama ki kina ta amai, shi ma ki faɗa. In kuma wuni ya wuce ruwa ba ya zama, ko ciwo ya soke ki a ƙirji ko kafaɗa, ko wurin murfin ya yi ja yana zafi, ba jiƙo, ba bari sai gobe. Asibiti.

Dangin miji kuwa, za su kalle ki kwana uku su koma harkarsu. Malam Nuhu a haka ya gan ki ya zo ya durƙusa a falon nan. Matan da suka yi ta taɓa rigata a bikin yayanki, ko ɗaya ba ta zo asibiti ba. Ba laifinsu ba ne, maɗaciya aka ce musu.

Saura abu ɗaya. Sati uku ke nan, tun ƙarin da aka yi miki na baya, kullum muka gama cin abincin rana sai ki tashi ki shiga bayi ki buɗe famfo ki bar shi yana zuba. Ki fito kin wanke fuska ki ce zafi. Da yamma ki haɗa shayi da madarar gwangwani kofi biyu. Filon ɗakin baƙi ma na ga ya koma ɗakinki. Na san ƙarar famfon nan, ni na fara buɗe shi a gidan Jarwal.

Saboda haka Talata tare za mu tafi. Na riga na gaya wa yayanki ya zo da mota bayan sallar asuba. Zan zauna a kujerar nan ta gefen ƙofa, jakata a cinya, da tsohon katina a ciki, wanda layinsa na ƙarshe ya ce an cire. Ba zan sa miki baki ba. Duktur zai tambaye ki ko abinci yana tsayawa, ko kina amai. Ke za ki amsa. In kin faɗi gaskiya, har mu dawo gida ba za ki ji muryata ba. In kin ce a'a, zan buɗe jakar.

Allah ya kiyaye mini ke a sama da ƙasa, ya raba ki da ciwon da ake ɓoyewa, ya sanya albarka a ɗan abin da za ki ci. Ya haɗa ki da surukai masu tausayi, ya ba ki zuriya mai albarka. Ya sa in sake ganinki kina ɗawafi da ƙafarki, ni a keke kina tura ni. Ki gaishe da Malam Nuhu. Binta tana gaishe ki, ta ce tawadarta ta kusa ƙarewa.

Na bar ki a hannun Allah, wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Uwarki,
daga ɗakin da ke kallon naki, unguwar Ka'akiyya, Makka.